Yadda na koyi karanta lambobin hawan jinina

A kasuwarmu mutane da yawa suna yawo da lambobi biyu a baki. Wannan ya ce an auna shi an samu 140 bisa 90, wancan ya ce nasa 130 bisa 85, amma idan ka tambayi ma'anarsu sai ka ji an ce, "Oho, an dai ce ya ɗan hau." Ni ma na zauna cikin wannan duhun na wani lokaci, na sha wahala tsakanin kemis da asibiti da maganganun majalisa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru da ni daki-daki ko wani zai huta. Ɗan kasuwa ne ni, ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, shekaruna 47, kuma ina da jiki. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har Allah Ya karɓi abinSa, don haka maganar hawan jini ba ta wasa ba ce a wurina.

Abin ya faro ne wata rana bayan la'asar, da na shiga wani kemis sayen maganin ciwon baya. Mun wuni muna sauke kaya, rana ta dake ni, ga goro a bakina. Yaron kemis ɗin ya ce, "Alhaji, ko a duba maka jini? Naira 200 ne kawai." Na zauna a bakin benci, ya ɗaura min maɗaurin a kan hannun rigata, muna ta hira yana tambayata farashin yadi, na'urar tana matsa. Da ta saki sai ya leƙa ya ce, "Kai, Alhaji, 158 bisa 96. Jininka ya hau sosai." Nan take ya miƙa hannu kan kanta zai ɗauko min magani. Na ce ya bari tukuna in yi shawara. Na fita gabana yana faɗuwa, ba abin da nake gani sai mahaifina a kwance an jingina shi da matashi. Da daddare na shiga gidan maƙwabcina mai wata ƙaramar na'ura ta ɗaurawa a wuyan hannu, ta nuna 136 bisa 85. Mutum ɗaya, yini ɗaya, lambobi biyu da ba su kama hanyar juna ba. Da na kai maganar majalisa sai kowa ya kawo tasa. Wani dattijo ya ce ai ƙa'idar ita ce ka ɗora 100 a kan shekarunka, tunda ina da 47, har 147 lafiyata ƙalau. Wani ya ce lambar ƙasa ba ta da wani amfani, ta sama ake dubawa. Wani ya ce tunda ba na ciwon kai ba na jiri, to na'urar ce ta lalace. Na dawo gida babban ɗana ya duba a waya ya ce shi ya ga an rubuta cewa daga 130 bisa 80 hawan jini ne. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Na yanke shawarar zuwa asibitin gwamnati, sashen da ake ganin marasa lafiyar da ba kwanciya za su yi ba. Ana idar da sallar asuba na kama hanya, duk da haka na tarar da layi. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, tsarin shi ne ka fara zuwa wurin biyan kuɗi ka biya kuɗin kati, a lokacin naira 1,000 na biya, sannan ka kawo rasit ɗin tagar masu yankar kati. Za su tambayi sunanka da shekarunka da unguwarku da lambar waya da sunan wani makusancinka, su buɗe maka fayil, su ba ka ɗan ƙaramin kati mai lamba. Wannan ɗan katin a adana shi da kyau, domin da lambar jikinsa ake nemo fayil ɗinka duk ranar da ka dawo, kuma na ga wani bawan Allah da ya ɓatar da nasa ya wuni yana safa da marwa. Daga nan sai zaman benci har hantsi ya ɗaga. Da aka kira sunana ina can ƙarshen baranda, sai na taho da sauri kada a tsallake ni. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ni a sikeli, ta sa min ma'aunin zafi, ta naɗa min maɗauri ina ta haki. Ta rubuta 166 bisa 101 a fayil, ta ɗago ta ce, "Alhaji, kana shan magani ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka jira likita." Ba ta ƙara komai ba, kuma ban ga laifinta ba, mutanen da ke bayana sun fi ƙarfin bayani. Amma zaman da na yi daga nan zuwa gab da azahar, da wannan lambar a raina, shi ne mafi nauyin duk abin da na fuskanta a tafiyar nan.

Likitar da na samu matashiya ce, mai haƙuri. Kafin ta taɓa na'ura sai da ta yi min tambayoyi: me ya kashe mahaifina, mahaifiyata tana da hawan jini ko ciwon suga, ina shan taba, ina cin goro, ina munshari da dare, wane magani nake sha a kai a kai. Na ce diclofenac nake sha saboda baya, ta rubuta ta ja layi a ƙarƙashi. Sai ta ce in jingina bayana da kujera, in ajiye tafin ƙafafuna biyu a ƙasa, in yi shiru minti biyar, ita kuma ta ci gaba da rubutu. Bayan nan ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya damtsena, ta ce santimita 35 ne, maɗaurin da aka saba amfani da shi ya yi min kaɗan, kuma maɗaurin da ya matse yana ƙara lamba a kan ta gaskiya. Ta aika aka kawo babba. Ta sa na zare hannuna daga riga, ta ɗora shi a kan tebur daidai saitin ƙirjina, ta auna da irin tsohuwar na'urar nan mai zaiba a cikin siririn gilashi, tana saurare da abin kunnenta a gwiwar hannuna. Dama ya ba da 150 bisa 94, hagu 146 bisa 92. Bayan minti ɗaya ta sake auna daman ta samu 147 bisa 93. Na ce, "Likita, don Allah wanne ne gaskiya? Tun jiya kowa da abin da yake faɗa min." Ta ce dukkansu abin da jinina yake ne a wannan daƙiƙar, domin matsin jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana hawa idan ka yi sauri, ko ka ci goro, ko fitsari ya matse ka, ko kana magana, ko tsoro ya kama ka, yana sauka idan ka huta, ya fi sauka kuma cikin barci. Abin da ake nema shi ne inda yake zama yawancin lokaci idan jiki yana hutawa.

Daga nan ta yi min bayanin da ya buɗe min ido. Ta ce in ɗauki zuciya a matsayin famfo, jijiyoyin jini kuma tiyo. Duk lokacin da zuciya ta matse ta tunkuɗa jini, ƙarfin da jinin yake danna bangon jijiya shi ne lambar sama. Tsakanin bugu da bugu, lokacin da zuciya ta saki tana sake cika, matsin ba ya ƙarewa gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne lambar ƙasa. Lambobin kuma milimita ne na tsayin da matsin zai iya ɗaga zaiba a cikin gilashin nan, shi ya sa ake rubuta mmHg a gefensu ko da na'urar ta batir ce. Ta nuna min yadda take yi: tana hura maɗaurin har ya tsayar da jini, sai ta riƙa sakin iskar a hankali, inda ta fara jin ƙwanƙwasa a kunnenta nan ne lambar sama, inda ƙarar ta ɓace nan ne ta ƙasa. Sai ta juya bayan wata takarda ta rubuta min matakan. Ƙasa da 120 bisa 80 shi ne mafi kyau ga babba. Daga 120 zuwa 129 a sama, da 80 zuwa 84 a ƙasa, har yanzu lafiya ne. Daga 130 zuwa 139, ko 85 zuwa 89, mutum yana bakin iyaka, sai ya gyara cinsa ya riƙa sa ido. Daga 140 a sama ko 90 a ƙasa hawan jini ne, daga 160 ko 100 ya shiga mataki na biyu, daga 180 ko 110 kuma ya yi tsanani. Ƙasa da 90 bisa 60 jini ya yi ƙasa, musamman idan da jiri. Ta danna biro a kan kalmar "ko" ta ce ɗaya daga cikin biyun ya isa. Wanda ya samu 128 bisa 96 yana da matsala duk da cewa lambarsa ta sama ba ta da laifi, haka ma tsohon da ya samu 165 bisa 78, wanda ake yawan gani saboda jijiyoyi suna ƙara tauri da shekaru. Idan lambobin biyu suka faɗa matakai daban, mafi muni ake ɗauka.

Na kawo mata maganar ɗora 100 a kan shekaru, ta ce tsohon zance ne da likitoci suka daɗe da watsarwa, ɗan shekara 70 da ke yawo da 170 yana cikin haɗari ko da bai ji komai a jikinsa ba. Na kawo ta ɗana, ta ce bai yi ƙarya ba: a 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakarsu zuwa 130 bisa 80, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan a kan 140 bisa 90, kuma sai an samu hakan a ranaku biyu daban kafin a ce mutum yana da hawan jini. Ta ce ita ba za ta ɗora ni kan maganin da zan daɗe ina sha ba saboda awon yini ɗaya da aka yi min ina haki. Ta rubuta min gwaje-gwaje, ta ce idan ina da hali in sayi na'ura in auna kaina a gida safe da yamma na tsawon kwana 7, in rubuta, in dawo mata da littafin.

Gwaje-gwajen sun ci kuɗi sosai. Akwai na fitsari don a ga ko ƙoda tana zubar da furotin, akwai na jini don duba aikin ƙoda da gishirin jiki, da na suga, da na kitsen da ke cikin jini, sai na zuciya wanda ake manna wayoyi a ƙirji. An ce in zo da safe ban ci komai ba tun dare saboda na suga da na kitse, ruwa kawai aka yarda in sha. Nan ma biya ne farko, a buga hatimi a takardar, sannan a ba ka 'yar kwalbar fitsari a ɗibi jini. Na'urar gwajin zuciyar ba ta aiki a ranar, sai da na fita wani wuri mai zaman kansa. Duka-duka na kashe kusan naira 20,000 a farashin lokacin, yanzu kuwa sai mutum ya tambaya kafin ya fito daga gida. Ga masu tsoron wayoyin nan, babu wutar da ke shiga jikinka. Ka cire riga ka kwanta, a manna maka abubuwa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, cikin 'yan mintuna takarda ta fito da zane, shi ke nan. Dalilin waɗannan gwaje-gwajen, kamar yadda likita ta faɗa, shi ne hawan jini yana ɓarna a ɓoye a ƙoda da zuciya da ido da ƙwaƙwalwa, ana son a san ko ya riga ya taɓa wani wuri.

Wajen sayen na'ura na bi abin da ta ce, na ƙi ta wuyan hannu duk da ta fi arha, domin ita ɗan karkacewar hannu kaɗan yana canza mata lamba. Na nemi ta damtse mai batir. Yawancin waɗanda ke kan kanta maɗaurinsu na santimita 22 zuwa 32 ne, an rubuta a jikinsa, sai da na zaga shaguna kafin na samu mai kaiwa 42. Ta tsaya min kusan naira 30,000. Na sayi ƙaramin littafin makaranta na raba shafi gida huɗu: rana, lokaci, lambobi, da abin da ya faru. Da safe bayan na dawo daga masallaci, kafin shayi da goro, sai in zaga banɗaki, in zauna a kujera mai jingina minti biyar ba waya ba magana, in naɗa maɗaurin a hannun dama tunda shi ya fi ba da lamba mai yawa a asibiti, gefensa na ƙasa ya tsaya kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu. In auna, in jira minti ɗaya, in sake aunawa, in rubuta duka biyun. Haka da daddare kafin in kwanta. Ranar farko uwargida ta leƙo ta ga lambobi uku a fuskar na'urar ta rikice. Wadda aka rubuta wa SYS ita ce ta sama, DIA ta ƙasa, ta ukun kuma mai PUL yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya, ba ta cikin lissafin hawan jini. Ga babba da ke hutawa, tsakanin 60 da 100 ake sa ran gani. Na haɗu da mutane da yawa daga baya da suke karanta wannan ta ukun a matsayin lambar ƙasa.

Littafin nan ya nuna min abin da babu mai iya gamsar da ni a kansa da baki. Wata safiya na tashi da ciwon kai mai nauyi a ƙeya, na tabbata yau zan ga abin tsoro, sai na'ura ta ba ni 134 bisa 86. Wani dare kuma da nake jin jikina sakayau, na ci tuwo na yi hira da yara, ta ba ni 151 bisa 95. Akwai daren da wani da nake bi bashi ya kira ni muka ɗaga murya, ina ajiye wayar na auna na ga 160 bisa 98, bayan na zauna kamar minti goma ya dawo 143 bisa 89. Kusan kullum awon farko ya fi na biyu. Da kwanakin suka cika, ɗana ya ajiye na ranar farko gefe kamar yadda likita ta ce, tunda ranar mutum yana ɗari-ɗari da na'urar, ya tara sauran lambobin sama ya raba da yawansu, ya yi haka da na ƙasa. Matsakaicin ya fito 142 bisa 90.

Na koma asibiti da littafi da sakamakon gwaji da na'urar kanta. Wannan karon ba sabon kati, na nuna ƙaramin aka nemo fayil. Likita ta fara gwada na'urata da tata a hannu ɗaya, ta ce sun yi kusa sosai, za a iya dogara da ita. Na ce mata 142 bisa 90 ai kaɗan ya haura iyaka. A nan ta faɗa min abin da ban taɓa ji ba, cewa awon gida yana da tasa iyakar, 135 bisa 85, saboda a gida mutum ya fi natsuwa. Don haka nawa hawan jini ne tabbatacce, na mataki na farko. Ta ce akwai waɗanda nasu a asibiti kawai yake hawa saboda fargabar ganin likita, a gida lafiya lau, akwai kuma waɗanda a asibiti yake kwanciya ya tashi a gida ko wurin aiki, kuma littafi irin nawa ne kaɗai ke rarrabe su. Gwajin ya nuna ƙodata lafiya, suga lafiya, zuciya lafiya, kitse ne ya ɗan haura. Saboda tarihin mahaifina da nauyina ta rubuta min amlodipine miligiram 5, ƙwaya ɗaya a rana. Abin mamaki, da na ji hukuncin sai hankalina ya kwanta fiye da lokacin da nake tsakanin lambobin da ban gane ba.

Ta ce in kira uwargida, da ma tare muka je. Ta ce mata, "Hajiya, rabin maganin a hannunki yake." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen miya da kanwa da kilishi da yajin tsire da ɗan ƙullin da ke cikin taliyar leda da burodi. A gidanmu tukunya ɗaya takan ci dunƙule da yawa sannan a ƙara gishiri. Muka rage a hankali, aka ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, kuma bakin kowa ya saba cikin 'yan makonni, har yanzu miyar wasu gidajen gishiri take yi mana. Ta hana ni shan diclofenac da ibuprofen a kai a kai, ta ce suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda. Goro ta ce in rage, kada kuma in ci shi ko in sha kofi cikin rabin awa kafin awo. Ta ce in riƙa tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 yawancin ranakun mako. Na tambaye ta zoɓo, tunda kowa shi yake ba ni shawara. Ta ce yana iya ɗan sauke lamba, in sha idan ina so ba tare da tulin sukari ba, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Magani bai daidaita a tashin farko ba, kuma gara mutum ya san haka tun wuri. Bayan kamar wata guda matsakaicina ya sauko 137 bisa 87, bai isa ba, aka mayar da ƙwayar miligiram 10. Lamba ta yi kyau amma idon sawuna ya riƙa kumbura da yamma har takalmi ya matse ni. Na koma na faɗa, ta ce sanannen abu ne da wannan maganin, ta mayar da ni 5 ta ƙara min ƙaramar ƙwayar hydrochlorothiazide mai sa fitsari. Ta ce haɗa ƙananan ƙwayoyi biyu ya fi ƙara ƙarfin ƙwaya guda ɗaya, kuma wani bincike da aka buga a 2019, wanda Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Daga nan littafina ya zauna wajen 128 bisa 80. Nan kuma sabuwar shawara ta taso daga abokai, cewa tunda ya sauka na warke, in daina kada jikina ya saba da ƙwaya. Na kai wa likita, ta ce lambar ta sauka ne saboda ƙwayar tana aiki, idan na tsaya zai koma inda yake ba tare da na ji komai ba. Da azumi ya zo cikin zafi, wata rana da la'asar na miƙe daga zaune sai jiri ya ɗebe ni, na dafa bango. Da na isa gida na auna na ga 102 bisa 64. Lambar ba ta kai iyakar ƙasa ba, amma ga wanda ya saba da 128, ga kuma jiri, abin dubawa ne. Na kai mata littafin, ta mayar da shan maganin bayan buɗa baki ta kuma gyara mai sa fitsarin har aka sha ruwan ƙarshe. Duk mai shan maganin hawan jini ya ga likitansa tun cikin Sha'aban.

Akwai lambar da ba a jira da ita, kuma na ga ranarta da idona. Wani maƙwabcin shagona ya zauna yana lissafi sai biro ya faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Na'urata tana cikin jaka, na auna shi na ga 196 bisa 118. Nan take jama'a suka taru, wani ya ce a ba shi ƙwayata, wani ya kawo tafarnuwa, wani ya ce a kwantar da shi a yi masa fifita zai dawo. Na ce a kawo mota. Muka kai shi sashen gaggawa, kuma likitan da ya karɓe shi ya ce da mun ɗura masa wani abu a baki yana iya shaƙewa, sauke jinin da ƙarfi ba tare da an san abin da ya faru a ƙwaƙwalwa ba kuma yana iya ƙara ɓarna. Yana nan da ransa, yana takawa da sanda. Ƙa'idar da aka koya min ita ce, idan ka ga 180 a sama ko 120 a ƙasa kuma ba ka jin komai, ka zauna minti biyar ka sake aunawa, idan bai sauka ba ka ga likita a ranar. Idan kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi yana sama-sama, ko gani ya dushe, ko ɓarin jiki ya yi sanyi, ko baki ya karkace, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a saba ba, to ba sake awo, asibiti kai tsaye. Alamun shanyewar jiki ma ko lamba ba ta hau ba a tafi.

Matakan da na lissafa na manya ne. Yara nasu lissafin daban ne, da shekaru da tsayi ake dubawa. Mai juna biyu kuma ba ta jiran mako guda na littafi: idan ta ga 140 bisa 90, musamman bayan ciki ya wuce mako 20, ko ga kumburin fuska da ciwon kai, ta tafi wurin awon ciki a ranar, domin hanyar jijjiga ke nan. Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda likita yakan so lambarsa ta sama ta sauka ƙasa da 130, don haka kowa ya tambayi likitansa lambar da ake nema masa shi, ya rubuta ta a bangon littafinsa.

Abin da zan gaya wa wanda aka faɗa wa lamba a kemis gabansa ya faɗi shi ne kada ya karɓi ƙwaya a wurin, kada kuma ya watsar da maganar. Ya nemi a rubuta masa lambobin biyu a takarda tare da ranar, domin "ya ɗan hau" ba ta taimakon likita da komai. Ya lura da yadda aka auna shi, a zaune ko a tsaye, kan riga ko kan fata, yana magana ko yana shiru, maɗaurin ya zagaye damtsen sosai ko da ƙyar ya kama. Idan zai je asibiti ya fita da wuri, ya sa riga mai faɗin hannu, ya riƙe duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu har da na gargajiya, kuma idan aka kira sunansa ya taho da sauri yana da damar ya ce, "Sista, don Allah bari in ɗan huta kafin ki auna." Wanda ba shi da kuɗin na'ura yana iya haɗa kai da 'yan uwa a sayi ɗaya ta gida, ko ya riƙa zuwa ƙaramin asibitin unguwa a lokaci iri ɗaya yana rubutawa. Kada kuma ya jira ciwon kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya fiye da biliyan ɗaya ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma a layinmu na kasuwa kaɗai, tunda na fara zuwa da na'urata, na tura mutane da dama asibiti waɗanda suka rantse lafiyarsu ƙalau kafin in naɗa musu maɗauri. Wanda ya auna ya samu lafiya ya sake aunawa ko sau ɗaya ne a shekara, wanda yake bakin iyaka ko iyayensa suna da shi kuma ya fi haka yawaitawa.